Ƙullin Gindin Rumbun Marka

Ranar Talata da hantsi aka tono ƙullin a gindin rumbun Inna Marka. Wata mata mai suna Saratu ce ta fara ganinsa, tana dawowa daga rijiya da tulu a ka. Bakin jan tsumma ta hango ya leƙo daga ƙasa, daidai inda hanya ta raɓa rumbun. Ta sauke tulun ta ja, sai ga ƙulli kamar ƙwan zabo, an ɗaure shi da baƙin zare. Da aka kwance, 'yar ƙasa ce a ciki da waɗansu baƙaƙen ƙwayoyi ƙanana, ba su kai ƙwayar gero ba.

Babu wanda ya tambaya ko mene ne, domin duk Tungar Gawo an san ƙwayoyin nan. Su ne ke fita daga ƙafar Mas'ud.

Mas'ud manomi ne, bai cika arba'in ba. Shekara huɗu da suka wuce wani ɗan kumburi ya fito masa a bayan ƙafar dama, ba zafi ba ƙaiƙayi. A hankali ƙafar ta tasa har ta fi ƙarfin takalmi, ta huje wuri-wuri, ruwa na tsatstsafowa tare da baƙaƙen ƙwayoyin. Damina biyu ke nan bai riƙe fartanya ba. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa sawunsa aka ɗauka aka yi masa aiki. Yau ga ƙasa ga ƙwayoyi a gindin rumbun maƙwabciyarsa, tsohuwar da suka taɓa cacar baki da ita saboda awakinta sun cinye masa wake.

Kafin azahar samari sun cika ƙofar gidan Marka, Naziru ƙanen Mas'ud na gaba, suna cewa ta bar garin kafin rana ta faɗi. Maigari Abdulwahabu ya sa aka shigar da ita cikin gidansa, ya karɓi ƙullin ya kulle a akwati, sannan ya tura babur Adabka a ɗauko Dikko.

Dikko mai bin sawu ne. A bayan shanun mahaifinsa ya koyi karanta ƙasa, kuma shekara talatin ke nan masu gari na ƙasar Bukkuyum ke kiransa idan an kore dabba ko an fasa rumbu. Dogo ne, siriri, ba ya gaggawar magana.

Ya daɗe tsugune a gindin rumbun. Jama'a sun tattake wurin, amma ramin na nan, zurfinsa bai kai tsawon yatsa ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce da Maigari, "wanda yab binne wanga abu ba ɓoyo yake so ba. Gefen hanyar rijiya, ga bakin tsumma waje. So yake a gani."

Naziru ya ce, "Tsohuwa ta, Baba. Ƙarfin gina ne ba ta da shi."

Dikko ya zaga bayan rumbun inda ƙafa ba ta kai ba, ya sami sawun takalmin taya guda, dunduniyar hagu ta cinye, ya nufi fadama.

*

Marka na zaune a kan tabarma a tsakar gidan Maigari, an ajiye mata fura ba ta taɓa ba.

"Inna, wa kinka ɓata ma rai garin nan?" in ji Dikko.

"In don awaki na, sun daɗe da mutuwa. Mas'ud kuwa a hannuna anka haihe shi. Bakina dai shina da yawa, wannan na sani. Watan jiya wurin suna, gaban mata, nic ce ma Hure matatai ta kai mijinta asibiti, aska ta gaza. Ƙanen maigidana ya yi irin ƙahwag ga, anka tsaya gida har ta ruɓe. Hure ta ji haushi, tac ce ina nuna ba ta kula da shi. Tun rannan ba ta gaishe ni."

"Wa ke shiga bayan rumbunki?"

"Kaji."

Sawun takalmin ya kai Dikko har gonar shinkafar wani manomi mai suna Bature, wanda iyakarsa ta haɗu da ta Mas'ud, kuma kowa ya san ya taɓa neman a ba shi aron gonar aka hana. Dikko ya same shi yana korar tsuntsaye, da takalmin a ƙafarsa.

Bature bai yi musu ba. "Ni na. Ran Lahadi nib bi ta nan."

"Mi ya kai ka bayan rumbu, ga hanya?"

Bature ya sosa ƙeya. "Shinkafa nika kai mata, tiya biyu, duk kaka. Mijinta ya koya min noman fadama. Ba ni son matana su sani su mai da shi magana, shi ya sa nika ratsawa ta baya."

Dikko ya koma ya duba. Sawun ya wuce rumbun da taku uku, ya tsaya a jikin danga, ya juya. Babu inda mai takalmin ya durƙusa. A cikin bukkar Marka kuma ga shinkafar a ƙwarya.

*

Da la'asar ya shiga gidan Mas'ud. Ya tarar da shi a inuwar ɗaki, ƙafar na kan turmin da aka kifa. Kusa da shi Makau ne, Sarkin Askar garin, yana naɗe kayan aikinsa cikin zabira. Shi ke yi wa kowa aski da kaciya da ƙaho a Tungar Gawo, kamar yadda ubansa da kakansa suka yi, kuma shi ke jinyar ƙafar tun farkonta.

Bayan gaisuwa Makau ya ce, "Na daɗe ina faɗi. Ciwon Allah da na sani da tuni ya ji magani. Wanga jifa na."

Ya yi sallama ya fita. Hure ta fito da ruwan ɗumi a kwano, ta durƙusa ta gaida Dikko, ta fara wanke ƙafar. Ya lura da yadda take yi: ta zuba ruwan gishiri, ta goge da tsumma, ƙwayoyin na biyo ruwan.

"Ina kike kai tsumman in kin gama?"

"Masai nika jefawa, Baba."

"Ance kun yi faɗa da Marka."

"Mun yi." Ba ta ɗago kai ba. "Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi min zafi. Na roƙi Malam mu tahi asibiti ya fi sau goma."

Mas'ud ya ce, "Ance ciwon jifa ba shi son allura. Kuma na san abin da za su yi. Yanke ta za su yi."

Dikko ya jingina sandarsa a bango ya zauna.

"Ina da ƙanwa garin Yargalma," ya ce. "Shekarar da yara sunka riƙa mutuwa can, jikokinta biyu na ciki. Anka ce iskoki na, anka ce maita ta. Nima na tahi, na duba ƙasa kwana uku, ban ga komi ba. Sai da anka ɗebi jinin yaran anka auna, sannan anka gane dalma ta, daga duwatsun zinari da aka niƙa cikin gidaje. Tun rannan na san akwai sawun da idona ba ya kai gare shi. Ƙasa ta gama gaya min abin da ta sani kan ƙullin nan, Mas'ud, kuma bai isa ba. Saura ƙahwarka. Ba wanda zai yanke ta ba da yardarka ba. Ni zan zauna kusa da kai."

Mas'ud ya dubi matarsa, ya dubi ƙafar. Can ya ce, "In anka tabbatar Marka ta hwa?"

"Sai in faɗa ma Maigari haka."

*

Ranar kasuwar Gummi suka bi ayarin babura da safe. Naziru ya goya wansa, an naɗe ƙafar da zane, Dikko na biye da ƙullin a aljihu.

Likitan da ya gan su a asibitin Gummi saurayi ne mai suna Lukman. Ya daɗe yana latsa ƙafar, ya tara ƙwayoyin a kan auduga ya kai su bakin taga yana dubawa. Ya ce yana da zato, amma ba zai ba da magani a kan zato ba, domin cututtuka biyu ne ke yin haka, kamanninsu ɗaya, maganinsu daban. Ya yi wa Mas'ud allurar kashe zafi, ya yanko ɗan nama daga can ciki, bai fi ƙwayar wake ba, ya jefa a kwalba mai ruwan magani. Ya ce za a kai Sakkwato, wurin likitocin da aikinsu ke nan: su daskarar da naman, su yanka shi ya fi fatar albasa sirantaka, su rina, su duba a madubin ƙara girma. Sannan ya tura su a ɗauki hoton ƙashi.

Dikko ya fito da ƙullin ya ajiye a kan tebur, ya ba da labarinsa a taƙaice.

"Likita, in ba damuwa, a duba min waɗanga su ma. A gaya min ko iri ɗaya na."

Likita Lukman ya yi ɗan murmushi, amma ya ɗauko wata kwalbar, ya tsince rabin ƙwayoyin da ɗan abin da ke manne da su, ya rubuta takarda daban.

Kwana goma sha tara aka yi ana jira. Marka na gidan Maigari tana taya matansa sussuka. Yara sun daina bi ta ƙofar gidanta, wani ma ya jefe mata tulu ya fashe. Dikko ya koma Adabka ya yanke dawarsa.

*

Da saƙo ya zo, Dikko da Mas'ud suka koma Gummi. Likita Lukman ya juyo musu da fuskar wayarsa. Hoton ja-ja ne da shuɗi-shuɗi, a tsakiyarsa wani dunƙule mai ruwan ƙasa, zare-zare sun cika shi kamar saiwar ciyawa.

"Wannan ƙwaya ɗaya ce daga ƙafarka," ya ce. "Bari wadda ta duba ta yi muku bayani da bakinta."

Ya kira ta, ya ƙara muryar wayar. Sunanta Likita Zinatu. Ta gaishe su da ladabi, ta tambayi Mas'ud jiki.

"Malam Mas'ud, sunan ciwonka maisetoma. Wani irin funfuna ne da ke zaune cikin ƙasa da jikin ƙaya. Ƙaya ta taɓa sukarka a ƙafar nan?"

Mas'ud ya yi dariya a karon farko. "Likita, manomi kike tambaya?" Sai kuma ya tuna. "Akwai wata farar ƙaya da ta karye ciki, shekarar da munka share sabuwar gona. Ba ta hito ba."

"Ta yiwu ita ce. Funfunar na shiga, jiki ya taso mata da yaƙi, sai ta dunƙule ta yi wa kanta sulke. Baƙaƙen ƙwayoyin ke nan. Ba kasafai ake ganin ciwon ba, shi ya sa ake daɗewa ba a gane shi ba."

Likita Lukman ya ƙara da cewa hoton ƙashin da aka ɗauka ya nuna ciwon ya fara taɓa ƙashi ɗaya, amma bai ci shi ba. Za a sha magani wata da watanni, a yi aiki a kwashe abin da ya lalace, a ci gaba da magani. Yana sa ran ƙafar za ta tsira, ko da yake ba zai yi alkawari ba. Mas'ud ya sunkuyar da kai yana hamdala.

Dikko ya matso kusa da wayar. "Likita, kwalba ta biyu hwa?"

"Kai ne Baba mai ƙullin? Na sha wahalarsu, sun bushe, sai da na jiƙa su kwana biyu. Iri ɗaya ne da na ƙafar."

"Ke nan ana iya samo su wani wuri a jefi mutum da su?"

"A'a, Baba. Funfunar nan ba ta yin ƙwaya a ƙasa ko a jikin itace. Sai ta shiga jikin mai rai take dunƙulewa haka. Waɗannan daga jikin mutum suka fito, ga busasshiyar mugunya kewaye da su. Akwai kuma wani abu. Uku daga ciki suna manne da tsoka, irin ta can ciki, ba fatar sama ba, kuma gefenta a miƙe yake. Ƙwayar da ta zubo da kanta ba ta tahowa da tsoka. Waɗannan yanko su aka yi da abu mai kaifi."

Dikko ya mai da ƙullin aljihu.

"Na gode, ɗiyata," ya ce. "Allah shi yi miki albarka."

*

Washegari bayan sallar la'asar Maigari ya tara su a zaurensa: Marka, Bature, Hure, Naziru, Makau, da Mas'ud a kan kujera. Liman na gefe. Sauran jama'a na waje suna leƙe.

Dikko ya fara da ciwon. Ya faɗi sunansa, ya faɗi ƙayar, ya nuna takardar asibiti. Sannan ya kwance ƙullin a kan tabarma.

"Mun ɗauka waɗanga anka aika cikin ƙahwar Mas'ud. Ba haka ba na. Daga cikinta anka hiddo su. Inna, kin taɓa riƙa ƙahwar nan?"

"Ko ganinta a buɗe ban yi ba," in ji Marka.

"Bature?"

"Rabona da gidan tun maganar gona."

"Hure, ke ke wanke ta kullum. Kin taɓa sa mata reza ko wuƙa?"

Hure ta girgiza kai. "Ko jini ba ni iya gani, Baba."

"Mas'ud, kahin likitan Gummi, wa ya taɓa yanka ƙahwarka?"

Mas'ud ya waiwaya. Idonsa ya tafi kan Makau, ya kasa ɗaukewa.

Dikko ya ce, "Likitar Sakkwato ta sami tsoka manne da ƙwayoyin nan, yankan kaifi. Aska ɗaya ta shiga ƙahwar nan kahin a binne ƙullin."

Naziru ya zabura, Liman ya riƙe masa riga. Makau bai motsa ba. Zabirarsa na kan cinyarsa, yana shafa igiyarta da babban yatsa.

"Ni na," ya ce a hankali. "Ranar kasuwar Adabka, Inna Marka na can, nib binne."

Maigari ya ce, "Sarkin Aska, don mi?"

"Shekara huɗu, ranka ya daɗe. Duk abin da babana ya koya min na yi ma yaron nan. Na tsaga, na yi ƙaho, na ɗaura sassaƙe. Kullum ƙara tasawa take. Sai maganar Inna ta zaga gari, wai aska ta gaza. Mutum biyu sunka kai ɗiyansu kaciya Adabka, sunka wuce ƙohwar gidana. Nic ce in anka yarda jifa na, ba wanda zai ce ni na kasa, kuma ba mai sake sauraren ta. Ban zaci za a ce ta bar gari ba. Da anka ce, na rasa bakin da zan tsai da shi."

Mas'ud ne ya fara magana.

"Baba Makau, da ka ce min ba ka sani ba, da na tahi asibiti tun ina taka ta."

Makau ya sunkuyar da kai.

Maigari ya ce zai kai maganar gaban Hakimi, kuma kafin nan Makau zai tsaya ƙofar masallaci ranar Juma'a ya wanke Marka da bakinsa. Sannan ya juya wurin tsohuwar ya tambaye ta ko tana da abin da take nema a bi mata.

Marka ta gyara lulluɓinta. Ta daɗe tana duban Makau, wanda ta sani tun yana riƙe wa ubansa zabira.

"Tuluna dai a saya min wani," ta ce. "Yafiya kuwa sai zuciyata ta huce, ba yau ba. Amma ina da tambaya. Makau, kai ke yawon ƙauyuka da rugage. Mutum nawa ka sani masu irin ƙahwag ga?"

Makau ya ɗago kai a karon farko. "Biyu. Akwai wata mata, Balaraba, wajen Anka, tata a hannu take. Da wani makiyayi, Mamuda, shina kusa da Yargalma da damina. Tashi ba ta kai ta Mas'ud ba tukuna."

"Su ma jifa kac ce musu?"

"I."

"To, Balaraba kai za ka tahi ka gaya mata gaskiya, ka raka ta asibiti. Shi makiyayin ina yake yanzu?"

"Sun tashi tun da anka fara girbi. Ban san inda sunka nuhwa ba."

Dikko ya ɗaure ƙullin ya miƙa wa Maigari, ya ɗauki sandarsa.

"Wace ƙahwa ta?" ya tambaya.

"Ta hagu. Shina dogara sanda."

"Shanu nawa?"

"Za su kai talatin, da jakai biyu."

Dikko ya jinjina kai. Ya dubi Naziru, wanda har yanzu bai iya haɗa ido da Marka ba.

"Ka zuba mai a babur. Gobe in munka yi sallar asuba ka sauke ni tsohon mashekarinsu. Daga nan ni zan san hanya."

Kwana huɗu bayan haka, Likita Lukman na cikin duba marasa lafiya aka ce masa ana sallama a waje. Ya fito ya tarar da Dikko, ƙafafunsa duk laka, tare da wani dogon Bafillace mai dogara sanda, ƙafarsa ta hagu a naɗe da tsumma.

"Likita," in ji Dikko, "ka ɗauko wata kwalbar."